Yadda Ake Aiki da Sinadaran da Ke Karya DNA Kamar Radiyeshin

Ma'aikacin ɗakin eksire yana da abin dogaro: ya ja da baya, ya rage tsayuwa a wurin, ya fake bayan bango mai dalma. Ga ɗan bajo maƙale a ƙirjinsa yana ƙirga masa abin da jikinsa ya sha. Da an kashe inji, magana ta ƙare. Mai haɗa maganin kansa a asibiti, ko mai bincike da ke ɗiga maganin kansa irin biliyomaisin a kan ƙwayoyin sel, yana riƙe da abin da ke yi wa DNA kusan irin ɓarnar eksire, amma duk waɗancan ba su da amfani a gare shi. Na'urar Geiger mai gano radiyeshin ba ta ko motsi kusa da kwalbar. Dalma ba ta tare komai. Ɗigon da ya faɗi kan tebur ya bushe yana nan gobe, yana nan jibi, sai hannun da ba safa ya bi ta kansa. Saboda haka dabarar aikin gaba ɗaya ta tattaru a wuri guda: kada sinadarin ya taɓa fata, kada a shaƙe shi, kada a bar shi inda wani zai taɓa.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Radiyeshin irin na eksire da hasken gama yawanci ba kai tsaye yake ɓarna ba. Ruwan cikin sel yake farfasawa, ɓarɓashin da ya fito, musamman haidiroksil, shi ke far wa DNA. DNA igiya biyu ce a murɗe da juna. Gire 1 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) na hasken gama yana tsinka igiya ɗaya ta DNA a wurare kusan 1,000 cikin sel guda, ya kuma tsinka igiyoyin biyu tare a wurare 20 zuwa 40. Tsinkewar igiya ɗaya mai sauƙin gyara ce, tunda ɗayar tana nan ana kwafa daga gare ta. Idan biyun suka tsinke tare, nan ne ake samun ɗinkin kuskure: a haɗa kan wannan kuromozom da jelar wancan, sel ya mutu ko ya rayu da lahani.

Sinadaran da ke kwaikwayon wannan aiki gida biyu ne, kuma yana da kyau a rarrabe su domin haɗarinsu ya sha bamban.

Gidan farko masu yanka ne. Babbansu biliyomaisin, wanda Hamao Umezawa na Japan ya samo daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa a shekarun 1960. Shi kaɗai ba ya yanka. Sai ya kama sinadarin ayon, wato ƙarfe, ya haɗu da iskar oksijin, ya lafe a jikin DNA, sannan ya fizge haidirojin daga sukarin da ke riƙe da igiyar, galibi kusa da guwanin, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA. A cikin yankansa goma ko makamancin haka, ɗaya kan ratsa igiyoyin biyu, wato ya ma fi gama yawan yin mugun yankan. 'Yan uwansa su ne filiyomaisin, wanda ake sayarwa da sunan Zeocin, da niyokazinostatin, da kalikiyamaisin. Wannan na ƙarshe tsananin dafinsa ya sa ba a ba da shi tsurarsa, sai an ɗaure shi a jikin sinadarin garkuwar jiki da zai kai shi ga sel mai ciwo, kamar yadda aka yi a maganin Mylotarg.

Gida na biyu masu mannewa ne: mekiloretamin, saikulofosfamaid, melfalan, kilorambusil, busalfan. Suna maƙalewa a kan guwanin, masu hannu biyu daga cikinsu su ƙulle igiyoyin DNA da juna, sel ya zo kwafa ya tarar da hanya a toshe, igiyar ta karye a nan. Asalin yawancinsu gubar mastad ce, wadda Jamus ta fara harbawa a Ypres ta Beljiyam a Yulin 1917. Likitoci sun lura ɓargon waɗanda ta kama ya ƙone, fararen ƙwayoyin jininsu sun zube, tamkar waɗanda radiyeshin ya buga. Hermann Muller ya nuna a 1927 cewa eksire na sauya ƙwayoyin gado. A farkon shekarun 1940 Charlotte Auerbach da J. M. Robson suka nuna a Edinbara cewa mastad ma na yin haka ga ƙudajen gwaji. A 1942 kuma aka fara gwada ɗan uwansa mai naitirojin a kan mai kansar kaluluwa a Jami'ar Yale, bisa aikin Louis Goodman da Alfred Gilman.

Abin da wannan ke nufi ga ma'aikaci: hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saikulofosfamaid, melfalan, kilorambusil da busalfan a rukuni na 1, wato an tabbatar suna jawo kansa ga ɗan adam. Kansar jinin da kan biyo bayan magani da su takan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ta bayyana. Tun 1979 wani bincike a Finlan ya sami alamar sinadarai masu sauya ƙwayoyin gado a fitsarin ma'aikatan jinyar da ke haɗa su. Ba wanda zai ji ciwo ranar da ɗigo ya taɓa shi, kuma wannan ne ke sa mutane sakaci. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai neman haihuwa, namiji ko mace, a ba su wani aikin har lokacin ya wuce.

Wurin haɗawa da kayan jiki

Ana haɗa waɗannan magunguna ne a cikin akwatin aiki mai zuƙe iska na aji na II, wanda bututunsa ya fita wajen gini, ko a cikin akwati rufaffe mai safar hannu a jikinsa. Kuskure mafi muni shi ne amfani da akwatin nan mai huro iska daga baya zuwa gaba, wanda ake haɗa ruwan jijiya na yau da kullum a cikinsa. Shi maganin yake karewa, feshin kuwa fuskar ma'aikaci yake kai wa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bututun waje kuma ba ado ba ne: matatar iskar akwatin, wato HEPA, tana kama ƙura da ɗigo, ba ta kama tururi, kuma saikulofosfamaid yana ɗan yin tururi ko a zafin ɗaki. A bar fankar akwatin tana aiki dare da rana. Ɗakin kansa matsin iskarsa ya kasance ƙasa da na maƙwabtansa, yadda idan an buɗe ƙofa iska ciki za ta shigo. Ƙa'idar Amurka ta aiki da magunguna masu haɗari, USP 800, ta nemi a sauya iskar ɗakin ajiya aƙalla sau 12 a awa, ta ɗakin haɗawa mai tsafta kuma sau 30.

Safar hannu biyu ake sawa, marar hoda, wadda aka gwada da ma'aunin ASTM D6978 na juriyar safa ga maganin kansa. Hoda tana shan magani ta yaɗa shi. Ta ciki tana shiga ƙarƙashin bakin hannun riga, ta waje ta hau kansa, kada a ga fatar wuyan hannu ko kaɗan. A sauya su duk minti 30, ko nan take idan sun huje ko magani ya zuba musu, domin roba tana barin sinadari ya ratsa ta a hankali ko ba ta yage ba. Riga ta zama ta yarwa, mai rufin leda, mai ɗaurewa ta baya, a sauya ta bayan awa 2 zuwa 3. Farar rigar yadi ta ɗakin gwaji ba kariya ba ce, tsotse ruwan take yi ta manna shi a jiki. Takunkumin tiyata ma ba ya hana shaƙa. Inda ake tsoron ƙura, takunkumin N95 mai tace iska ake so, inda ake tsoron fantsama a ƙara garkuwar fuska.

Safar tana farawa ne tun daga buɗe kwali. An sha auna bayan kwalaben da suka fito daga masana'anta a sami magani a jikinsu, don haka mai karɓar kaya a sito yana cikin lissafi. A goge kowace kwalba da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin ta shiga akwati.

Kwalba da sirinji: inda aka fi yin ɓarna

A shimfiɗa takarda mai shan ruwa mai bayan leda a cikin akwatin, ba tare da ta rufe ramukan iska na gaba da na baya ba. Hannu ya yi aiki santimita 10 zuwa 15 daga bakin gilashi zuwa ciki. Sirinji ya zama mai murɗawa, wanda allura ke ɗaurewa a bakinsa, kuma ya fi abin da za a ja girma: kada ya wuce kashi uku cikin huɗu a cike, in ba haka ba sandar na iya zamewa ta fito.

Yawancin feshin da ke gurɓata wurin aiki daga matsin cikin kwalba yake fitowa. A ce za a narka garin magani da mililita 5 na ruwa. Wanda bai sani ba zai soka allura ya danna duka biyar ɗin lokaci guda. Iskar da ke cikin kwalbar ba ta da mafita, ta matse, da ya zare allura sai ramin robar ya yi tsartuwar da ido ba ya gani. Yadda ake yi shi ne: a soka allura, a fara jan sandar baya a zuƙo iska kaɗan daga kwalbar, a saki, kwalbar da kanta za ta ja ruwan. A maimaita mililita ɗaya bayan ɗaya, ana musayar ruwa da iska, har ruwan ya ƙare. Wajen jan maganin kuma, iskar da za a tura ciki ta gaza ruwan da za a ɗebo da kaɗan. Kafin a zare allura a miƙe kwalbar tsaye, a ɗaga bakin allurar sama da ruwan, a ja 'yar iska, sannan a fito. Ta haka kwalbar ke zama mai ja maimakon mai turowa. Kada dai a wuce gona da iri, domin idan jan ya yi yawa ruwa kan tsiyayo daga allurar wajen fita. Inda ake da na'urar rufaffiyar hanya mai haɗa kwalba da sirinji ba tare da iska ta fita ba, ita ta fi, amma ba ta maye gurbin akwatin.

Kumfar iska a cikin sirinji kwalba ake mayar da ita, ba a fesa ta sama yadda aka saba da sauran allurai. Layin ƙarin ruwa a cika shi da ruwan gishiri tsurarsa tun kafin a zuba magani a leda, don kada nas ta zo gefen gado tana zubar da ruwan farko mai magani. Ƙwayoyin melfalan da kilorambusil a firji suke zama, ba a daka su, ba a raba su a fili, ba a zuba su a injin ƙirga ƙwayoyi.

Biliyomaisin yana da nasa tarkon

Na farko lissafi ne. Ana auna biliyomaisin da yunit, kuma yunit ɗin iri biyu ne: yunit 1 na ma'aunin Amurka daidai yake da 1,000 na ma'aunin ƙasa da ƙasa. Kwalbar da aka rubuta 15 a wata ƙasa ita ce mai 15,000 a wata. Tsofaffin takardu kuma da miligiram suke rubutawa. Duk takardar likita da ba ta fayyace wane ma'auni take nufi ba, a mayar da ita a tambaya, kuma mutum biyu su duba lissafin kowa da kansa. Ana ajiye garin a firji tsakanin digiri 2 da 8, a narka shi da ruwan gishiri, ban da ruwan gulukos domin yana rage masa ƙarfi, a yi amfani da shi cikin awa 24.

Na biyu huhu ne. Jiki yana da inzayim da ke lalata biliyomaisin, amma huhu da fata ba su da shi da yawa. Shi ya sa, saɓanin yawancin magungunan kansa, bai cika taɓa ɓargo ba, huhu yake ci. Kimanin mutum 10 cikin 100 kan sami kumburin huhu, kimanin 1 cikin 100 huhun kan yi tabo ya ƙandare har ya kai ga mutuwa. Haɗarin yana tashi sosai idan jimlar abin da majiyyaci ya sha a rayuwarsa ta haura yunit 400, ko ya wuce shekara 70, ko ƙodarsa ta yi rauni, ko an taɓa gasa masa ƙirji da radiyeshin. Don haka a riƙa tara jimlar a fili a gaban fayil, kada a bar ta warwatse a shafuka. Busasshen tari da haki alamu ne da za a kai wa likita a ranar. Tunda kuma oksijin abokin aikin maganin ne, duk wanda ya taɓa shan sa ya gaya wa likitan da zai sa shi barci kafin tiyata, ko da shekaru sun wuce, don a rage yawan oksijin da za a ba shi gwargwadon buƙata.

Idan ya zube

Akwatin kayan share zuba ya kasance a duk inda magani ke bi: sito, ɗakin haɗawa, ɗakin jinya. Mutum ake fara dubawa kafin ƙasa. A cire safa da rigar da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa, ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa ko ruwan gishiri minti 15. Sannan a killace wurin, a sa kayan kariya cikakku har da rufin takalmi. Ruwa ana ɗora masa takarda mai sha, gari kuwa jiƙaƙƙen ƙyalle ake rufa masa don kada ya tashi. Tsintsiya ba ta da aiki a nan. Fasasshen gilashi da ɗan cokalin kwasa ake ɗauka. A share daga gefe zuwa tsakiya, a wanke wurin sau uku da ruwan sabulu, a ɗauraye. Abin da ya wuce mililita 5 babbar zuba ce, a kira wanda aka horar, a rubuta rahoto.

Mekiloretamin yana ƙona nama, kuma yana da makari sananne: sodiyam tayosalfet. Kayan da ya taɓa ana jiƙa su minti 45 a haɗin tayosalfet mai kashi 5 cikin 100 da sodiyam baikabonet mai kashi 5 cikin 100, daidai wa daida. Idan ya fita daga jijiya ya shiga nama, a tsayar da ruwan, a bar kanula a wurin a ja abin da za a iya ja, a kira likita. Makarin ana haɗa shi da mililita 4 na tayosalfet mai kashi 10 cikin 100 da mililita 6 na ruwan allura, a yi allurarsa a kewayen wurin, a ɗora sanyi na awa 6 zuwa 12.

Sifirit ba ya kashe waɗannan sinadarai. Ƙwayoyin cuta yake kashewa, maganin kuwa narkar da shi yake yi ya shafe shi ko'ina a tebur. Ana yawan yin wannan kuskuren, domin tebur yana ƙyalli mutum ya ɗauka ya gama. Tsarin shi ne a fara da bilic mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a bi shi da tayosalfet mai kashi 1 cikin 100 don kada bilic ya ci ƙarfen akwatin, a wanke da ruwan sabulu, a ɗauraye, sifirit ya zo ƙarshe. A zuba ruwan a ƙyalle, kada a fesa. Babu wani ruwa guda da ke lalata dukkan magungunan, gogewar ce ke kwashe mafi yawa. Ƙarƙashin tiren akwatin a ɗaga shi a wanke duk wata.

Shara tana da mazubinta daban mai alama, ta tafi injin ƙonawa mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,200. Tukunyar turara kayan aiki ba ta lalata su, sai ma ta gurɓace. Fitsari, amai, bayan gida da zanen gadon majiyyaci ana ɗaukar su da safa da riga aƙalla awa 48 bayan magani, a rufe murfin masai kafin a kora ruwa. Masu shara da masu wanki su ne aka fi mantawa da su wajen horo, alhali su ke taɓa ƙarshen komai.

A ɗakin bincike

Mai binciken gyaran DNA da ba shi da injin radiyeshin yakan ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan a madadinsa. Ya halatta, amma kama da wane ba ta wane. Radiyeshin yana ratsa kowane sel daidai cikin daƙiƙu. Biliyomaisin da ƙyar yake ratsa fatar sel, don haka a faranti ɗaya za a ga wani sel ya ragargaje, na kusa da shi lafiya lau. A gwada ma'aunai da dama, misali daga maikurogiram 1 zuwa 50 a mililita na awa ɗaya, kuma a duba yadda ɓarnar ta rarrabu tsakanin ƙwayoyin, kada a tsaya a matsakaici. Niyokazinostatin yana gama aikinsa cikin mintuna, shi ya sa ya fi dacewa da auna saurin gyara, amma haske da zafi suna kashe shi: a raba shi ƙananan kwalabe, a ajiye a duhu. Wani sinadarin kuma, MMS, an daɗe ana kiran sa mai kwaikwayon radiyeshin, sunan dai bai cika dacewa da shi ba, domin mannewa yake yi, karayar sai sel ya zo kwafa take bayyana. Shi da ɗan uwansa EMS ruwa ne masu tururi, a akwatin zuƙe hayaƙin sinadarai ake buɗe su, kayan da suka taɓa kuma su kwana awa 24 a haɗin tayosalfet mai kashi 20 cikin 100 da sodiyam haidiroksaid mai mola 0.1.

Zeocin yana yaudara ta wata hanyar. Ana zuba shi don ya kashe ƙwayoyin da ba su karɓi sabuwar ƙwayar gadon da aka saka musu ba, ya bar waɗanda suka karɓa, sai a manta maganin yanka DNA ne. Ko ƙwayoyin da ke jure masa suna samun karaya, don haka a cire shi daga ruwan kiwo kwanaki kafin duk wani gwajin DNA. A wajen bakteriya kuma gishiri da tsami suna rage masa ƙarfi: gishiri kada ya wuce giram 5 a lita, pH ya tsaya a 7.5.

Hanya mafi sauƙi ta ganin ɓarnar ita ce gwajin tauraruwa mai wutsiya. A wanke ƙwayoyin sosai a kan ƙanƙara don gyara ya tsaya, a gauraya su da agaros, wani abu mai daskarewa kamar jeli, a kan gilashi, a narke fatarsu aƙalla awa 1 a digiri 4 cikin ruwa mai gishiri mola 2.5 da EDTA milimola 100. EDTA ɗin yana kame ayon, ya hana ragowar biliyomaisin ci gaba da yanka bayan an fasa sel. A jiƙa minti 20 a ruwan da pH ɗinsa ya haura 13, a ja da lantarki kimanin bolt 0.7 zuwa 1 a santimita na wasu minti 20, a rina, a ƙirga sel 50 zuwa 100. Gutsattsarin DNA ne ke fita su yi wutsiya. Idan ƙwayoyin da ba a zuba wa komai ba su ma suka yi wutsiya, a binciki haske, zafin ruwan, ko yadda aka kankare su daga faranti. Mai son ƙirga tsinkewar igiya biyu kaɗai ya rina furotin H2AX mai fosfet, wanda ɗigoginsa ke kai ƙololuwa kimanin minti 30 bayan ɓarna.

Tunda babu bajon ƙirji, abin da ke tsaya masa shi ne gwajin goge wuri duk wata 6: a goge fili mai awo sananne, a aika a auna magani nawa ke kowace murabba'in santimita. Saikulofosfamaid aka fi nema, kuma abin da ya haura nanogiram 1 yana nufin a sake duba yadda ake aiki. Kada a goge cikin akwatin kaɗai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: a goge ƙasan gaban akwatin, marfin firji, hannun ƙofa, madannan kwamfuta, wayar ɗakin, hannun kujerar majiyyaci, da biron da ake sa hannu a takarda da shi kafin a cire safa ta waje.